Rigimar kuɗin falwaya a Amurka: kamfanonin kebul da na wutar lantarki, tambayoyi da amsoshi

Wai meye asalin rigimar nan?

A taƙaice dai rigimar haya ce. Kamfanin wuta shi ne ya kafa falwayoyi a bakin titi, ya haƙa rami, ya sayi itacen, yake kula da su. Kamfanin kebul kuma, wanda ke kai wa mutane tashoshin talabijin da intanet ta waya, bashi da turakun kansa a mafi yawan wurare, dan haka sai ya rataya wayarsa a jikin na kamfanin wuta yana biyan haya duk shekara, kowace falwaya da kuɗinta. Mai falwaya yace kuɗin da doka ta yanka min yayi kaɗan, ɗan haya yace ai ko wannan ɗin ma an cuce ni. Shekara kusan 50 kenan ana wannan ja-in-ja, kuma har yau ba'a gama ba.

To me zai hana kamfanin kebul ya kafa nashi turakun ya huta?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke fara yi, kuma amsarta ita ce tushen komai. Na farko hukumomin gari basa yarda a jera layin falwaya biyu a titi ɗaya, wurin ma babu, ga batun izinin filin da ake bi. Na biyu binne waya a ƙasa yafi ratayawa tsada nesa ba kusa ba, musamman inda akwai dutse ko kwalta ko gidaje sun yi nisa da juna. Kaga kenan layin falwaya ɗaya ne tak a titi, kuma mai shi mutum ɗaya ne. Duk inda mai kaya ɗaya ne kuma mai saye bashi da inda zai juya, ba ciniki ake ba, abinda aka yanka maka shi zaka biya. Tun ƙarshen shekarun 1940 da aka fara harkar kebul a garuruwan cikin duwatsu irin na Pennsylvania, inda eriya bata kamo hoto sosai, a jikin turakun wasu aka rataya wayar, kuma tun lokacin ake ƙorafi.

Akwai doka a kai ne, ko kowa abinda ya ga dama yake yi?

Akwai. A 1978 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar rataya waya a falwaya, wadda ta zama sashe na 224 a cikin dokar sadarwa ta 1934, ta baiwa hukumar sadarwa ta tarayya, wato FCC, ikon tabbatar da cewa kuɗin haya da sharuɗɗan sun zama na adalci. A 1996 aka faɗaɗa ta, aka shigo da kamfanonin sadarwa masu gogayya da tsoffin kamfanonin tarho, sannan aka ce dole mai falwaya ya bada wuri ba tare da nuna bambanci ba. Kafin nan yana iya cewa a'a kawai. Yanzu idan zai hana sai dai ya kawo dalili, ko babu wuri a jikin turken, ko akwai haɗari, ko zai taɓa ingancin wuta, ko ya saɓa ƙa'idar injiniyoyi.

Ya ake lissafin kuɗin? Dan Allah a yi bayani yadda mutum zai gane.

Nan ne ya kamata a ɗan zauna, domin duk hayaniyar daga cikin lissafin nan take fitowa.

Ka ɗauki falwaya ɗaya a ranka. FCC tana ƙaddara cewa tsawonta ƙafa 37 da rabi ne. Ƙafa 6 na cikin ƙasa. Ƙafa 18 daga ƙasa zuwa sama ba'a rataya komai a wurin saboda manyan motoci su wuce kar su kwashe waya. Ka haɗa, ƙafa 24 kenan da babu wanda zai iya amfani da su. Saura ƙafa 13 da rabi a sama, nan ne kowa yake. Can ƙololuwa wayoyin wuta ne, ƙasa da su akwai tazarar inci 40 da ake bari dan kare ran ma'aikacin da ya hau gyaran wayar sadarwa kar kansa ko hannunsa ya kai ga wuta, sai ƙasa da wannan tazarar wayar kebul da ta tarho da ta faiba, wato siririyar wayar gilashi mai ɗaukar intanet mai sauri, suke jere ɗaya ƙarƙashin ɗaya.

Ana ɗauka cewa wayar kebul ƙafa 1 ta cinye. Ƙafa 1 cikin 13 da rabi shi ne kashi 7.41 cikin 100. Sai a duba nawa falwayar take ci a shekara, wato darajarta bayan an cire tsufa da kayan da wuta kaɗai ke amfani da su irin sandunan gicciye, a ninka da kason ɗawainiya, wanda ya haɗa gyara da haraji da kuɗin gudanarwa da raguwar daraja da ribar jari. Abinda ya fito, kamfanin kebul ya biya kashi 7.41 ɗinsa. Misali kawai dan a gane, ace darajar falwaya dala 300 ce, ɗawainiyarta kashi 35 cikin 100, ya zama dala 105 a shekara, to kason kebul bai kai dala 8 ba.

Dala 8 a shekara kamar ba komai ba ko? To ka ninka da falwaya dubu ɗari biyar, ko ka ɗaga ta zuwa dala 25 ka sake ninkawa, zaka ga dalilin da yasa lauyoyi suke kwana a kan maganar.

Me kamfanonin wuta suke cewa ba daidai ba a lissafin?

Hujjarsu bata da rauni kamar yadda wasu ke ɗauka. Suna cewa wannan ƙafa 24 da kuka kira marar amfani, ai ita ce ta ɗaga wayarka sama, in babu ita a ƙasa wayarka zata kwanta, dan haka kamata yayi a raba kuɗinta daidai tsakanin duk wanda ke jikin turken, ba wai ka biya ɗan kashi 7 ka tafi ba. Sannan tazarar inci 40 ɗin nan, suna cewa saboda ku aka bar ta, da babu ma'aikatanku a wurin da bamu buƙace ta ba, amma FCC ta lissafa ta a kanmu. Ita kuma FCC tace ai kuna saka fitilun titi da wasu kayanku a wurin, kenan kuna amfani da ita.

Sai babbar maganarsu, in guguwa ta kwantar da turaku cikin dare, ma'aikatan wuta ne ke fita cikin ruwa da sanyi su tada su, kamfanin kebul sai an gama yazo ya maida wayarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suna cewa duk dalar da ɗan haya bai biya ba, mai biyan kuɗin wuta ne ke cike ta, har da tsohuwar da bata taɓa saka kebul a gidanta ba.

Su kuma na kebul fa?

Nasu amsar ita ce falwayar nan ko muna nan ko bama nan dole ku kafa ta, dan wuta kuka kafa ta ba dan mu ba, kuma kuɗinta kun riga kun saka a cikin kuɗin wutar da jama'a ke biya. Duk wani kuɗin da zuwanmu ya jawo, na dubawa da na matsar da waya da na canza turke, daban muke biyansa tun kafin mu rataya. Kenan hayar shekara ƙari ce a kan wurin da yake zaune babu mai amfani da shi. Suna kuma cewa duk dalar da aka ƙara a haya, ana rage nisan da waya zata kai a karkara ne, domin a birni falwaya ɗaya tana iya ciyar da gidaje da yawa, a karkara kuwa sai ka bi falwaya goma sha kafin ka isa gida ɗaya.

Kotu ta taɓa shiga maganar?

Sosai ma, har Kotun Ƙoli sau biyu. A 1987, a shari'ar FCC da kamfanin Florida Power, kamfanin yace kayyade min haya ƙwace dukiya ne, kotu tace a'a, tsara haya ne tsakanin mai gida da wanda shi da kansa ya baiwa wuri. A 2002 kuma, shari'ar ƙungiyar kamfanonin kebul NCTA da Gulf Power, masu wuta suka ce tunda wayar yanzu intanet take ɗauka ba talabijin kaɗai ba, ta fita daga kariyar dokar, mu yanka mata kuɗin da muke so. Kotun Ƙoli tace tana nan a cikin dokar. Da hukuncin nan ya juya, da tarihin intanet na gida a Amurka ya canza, domin a daidai lokacin ne mutane ke barin intanet na layin tarho suna komawa na kebul.

A wannan shekarar dai ta 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Alabama Power, tace in dai turken bai cika ba kuma baka rasa wani mai biyan da yafi ba, to ba abinda aka rage ka da shi, kuɗin da lissafin ya bada ya isa diyya.

Naji ance waya iri ɗaya amma kuɗi daban-daban, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma abin ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai. Dokar 1996 ta kawo lissafi na biyu na kamfanonin sadarwa, wanda a cikinsa ake raba kashi biyu cikin uku na wurin nan marar amfani tsakanin masu rataye, sai kuɗinsu ya fi na kebul. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa da FCC ta fitar a 2010 ya nuna kamfanin kebul na biyan kusan dala 7 kan ƙafa ɗaya a shekara, kamfanin sadarwa kusan dala 10, wasu tsoffin kamfanonin tarho sama da dala 20, alhali duk wurin da suka ci ɗaya ne kuma aikin da suke sayarwa ya zama iri ɗaya. A 2011 FCC ta sauko da na sadarwa kusa da na kebul, kamfanonin wuta suka kai ƙara, kotu ta goyi bayan FCC a 2013, a 2015 aka ƙara toshe ɗan gibin da ya rage.

Kenan FCC ce ke iko da duk falwayar Amurka?

Ina! Akwai manyan ramuka biyu. Na farko, jiha tana iya cewa ni zan kula da nawa, kuma sama da jihohi 20 sun yi hakan har da birnin Washington, ciki akwai Kaliforniya da New York da Ohio da Oregon. Na biyu, dokar tarayya bata shafi turakun kamfanonin wuta na ƙungiyoyin gama kai ba, haka na hukumomin birni da na layin dogo. Matsalar ita ce ƙungiyoyin gama kan nan sune ke da turaku a karkara, daidai inda ake kukan rashin intanet, dan haka rigima mafi zafi a can take, a majalisun jihohi da hukumomin kula da wuta na jihohi.

Kuma a yi musu adalci, su ba 'yan kasuwa masu neman riba bane, manoma da mazauna karkara ne suka mallake su, gidajen da suke kai wa wuta a warwatse suke, kowace falwaya nauyinta a kan mutane kaɗan yake. In suka ce bamu yarda mu ɗauke wa kamfanin da ke juya biliyoyin dala nauyi ba, ana fahimtar su. Jihar Jojiya a ƙarshen 2020 ta gwada raba gardama, hukumarta mai kula da wuta ta sa wa turakun ƙungiyoyin nan hayar dala 1 kacal a shekara har shekara 6 ga sabuwar wayar da aka kai inda babu intanet, sauran wurare kuma dala 27.71. Kamfanonin kebul basu ji daɗin na biyun ba ko kaɗan.

Hayar shekara ce babbar matsalar kenan?

A ganina ba a nan gizo yake saƙar ba yanzu. Haya ana jin ƙararta ne saboda lamba ce mai sauƙin faɗa, amma abinda ke tsayar da aiki shi ne shirya falwaya kafin a rataya, da kuma canza ta gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake. Ka nemi izini, injiniya yazo ya tsaya gindin turken da sandar awo, ya auna tsayin kowace waya, ya duba ko itacen ya ruɓe daga gindi, ya lissafa ko zai ɗauki ƙarin nauyi in iska ta taso ko ƙanƙara ta daskare a jikin waya. Sai yace babu wuri sai an sauko da wayar tarho da inci kaza, an ɗaga ta kebul da inci kaza. A da kowane kamfani sai ya turo motarsa da ma'aikatansa ya matsar da tashi, ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ake jira ɗin nan abokin gogayyarka ne wanda bashi da wani dalilin yin sauri dan ka zo ka ƙwace masa kwastomomi. Wata da watanni ana jiran a kwance ƙusa ɗaya a matsar da ita tafin hannu biyu. Dokar FCC ta sa wa'adi, kwana 45 na dubawa, kwana 14 na fitar da kiyasin kuɗi, da sauransu, amma wa'adi a takarda daban, samun ma'aikatan da zasu hau daban, balle in ka kawo buƙatar falwaya dubu biyar a lokaci ɗaya.

Meye wannan tsarin hawa ɗaya da ake magana?

Shi ne a bar ƙwararren ɗan kwangila ɗaya da aka amince da shi ya hau sau ɗaya ya matsar da wayoyin kowa ya rataya sabuwar. Biranen Louisville da Nashville sun kafa shi a 2016 lokacin da Google Fiber, kamfanin intanet na Google, ke son shiga. AT&T, tsohon kamfanin tarho, ta kai Louisville ƙara bata yi nasara ba, a Nashville kuwa AT&T da kamfanin kebul na Comcast suka kai ƙara kotu ta soke dokar birnin. A 2018 FCC ta maida shi doka ga ayyuka masu sauƙi a ɓangaren wayoyin sadarwa, banda abinda ya taɓa wuta.

Labarin Nashville ɗin nan yana da muhimmanci a wurina. Kamfanin kebul da ke kukan ana ja masa rai a wajen masu wuta, shi ma da ya zama shi ne a jikin turke kuma baƙo ke neman wuri, kotu ya nufa. Dan haka duk wanda ya baka labarin rigimar nan kamar ɓangare ɗaya ne mai gaskiya tsantsa, bai baka duka ba.

To in dole sai an canza falwayar, wa zai biya?

Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce zafi a yau. Ace falwaya ta shekara 45 a tsaye, saura mata kaɗan, amma bata faɗi ba. Kai kazo da wayarka, aka ce gajera ce, sai an kafa doguwa. Kamfanin wuta yace kai ka jawo, ka biya duka, dubban daloli a turke ɗaya. Kai kuma kace ya za'a yi in saya maka sabuwar falwaya dal wadda zaka mallaka, ka ci moriyarta shekara 50, sannan in dawo ina biyanka haya a kanta, alhali ko ban zo ba nan da 'yan shekaru zaka canza ta da kuɗinka?

Shi kuma yana da amsa, yace kasafina na bana babu wannan turken a ciki, ka tilasta min kashe kuɗi yau kan abinda ban shirya ba sai nan gaba, kuma ba falwaya ɗaya bace, dubbai ne. Sannan kotu tun 2002 tace ba'a tilasta wa kamfanin wuta ya ƙara wuri in babu, kenan in aka matsa masa yana iya cewa to na fasa canzawa, babu wuri, shikenan.

NCTA ta kai koke a 2020. A Janairun 2021 FCC tace ba'a ɗora wa mai neman wuri dukkan kuɗin in ba shi kaɗai ya jawo canjin ba. A Disambar 2023 ta ƙara fayyace batun turakun da kamfanin wuta ya riga ya yi wa alamar za'a canza su, tace waɗannan ba'a maida nauyinsu kan baƙo, ta kuma kafa wata tawaga ta musamman ta sasanta rigingimu da sauri. Amma turken da yake da lafiya sai dai ya tsufa, nan har yanzu ana kai ruwa rana.

Ni dai abinda nake gani adalci, mai neman wuri ya biya ragowar rayuwar tsohon turken da ya katse, da kuɗin ƙarin tsawon da shi ya buƙata, da kuɗin gaggauta aikin, sauran mai turke ya ɗauka tunda kayansa ne. Ba kowa zai yarda da ni ba, amma biyan duka zalunci ne, ƙin biyan komai ma haka.

Ana rataya waya ba izini kuwa?

Ana yi, kuma yana cikin abinda ke ɓata zama. Kamfanin wuta yakan yi ƙidaya bayan 'yan shekaru, sai ya tarar da wayoyin da babu su a littafinsa, ya turo bil na shekarun baya da tara. Na kebul yace mun nemi izini kun ɓatar da takarda, ko kuma tsohon kamfanin da muka saya ne ya rataya. Akwai kuma ɗaure sabuwar waya a jikin tsohuwa, wanda FCC ta yarda ayi ba sai an nemi sabon izini ba, sanarwa kawai, su kuma injiniyoyin wuta suna cewa nauyi dai nauyi ne, turke bai san sunan da kuka kira shi ba. A nan ina tare da su, domin wayar da ta yi ƙasa ko turken da aka yi wa lodi fiye da ƙima ran mutum yake ci.

A Amurka kaɗai ake wannan?

A'a, Kanada ma ta sha. A 2003 Kotun Ƙolin ƙasar tace hukumar sadarwa ta tarayya, CRTC, bata da iko kan turakun kamfanonin wuta da larduna ke kula da su, sai maganar ta koma hannun hukumomin larduna irin na Ontario.

Me yasa maganar ta sake tashi da ƙarfi a 'yan shekarun nan?

Kuɗi ne suka shigo. Dokar ababen more rayuwa ta Nuwamban 2021 ta ware dala biliyan 42.45 a shirin BEAD dan kai intanet mai sauri inda babu, kuma kamfanin da ya karɓi tallafi yana da wa'adin gama aiki. Mafi yawan faibar nan ta jikin falwaya zata bi, a karkara, inda turakun suka fi tsufa, suka fi gajarta, kuma da yawansu na ƙungiyoyin da FCC bata da iko a kansu ne. Wasu daga cikin ƙungiyoyin ma yanzu sun fara sayar da intanet da kansu, kenan mai gidan da kake neman haya a wurinsa ya zama abokin gogayyarka, shi kuma yace ai da kun zo tuntuni da bamu shiga ba, shekaru muna roƙonku kuka ce babu riba.

Ni da bani da kamfani, ina ruwana?

In kana zaune a can, aljihunka biyu ne kuma duk biyun ake taɓawa. In haya ta yi ƙasa sosai, bambancin yana iya komawa cikin kuɗin wutarka, tunda abinda kamfanin wuta ya samu na haya ana rage shi ne daga abinda zai karɓa a hannun jama'a. In ta yi sama sosai, ko dai ta shiga bil ɗin intanet ɗinka ko kuma wayar bata iso layinku ba sam. Wanda yafi shan wuya shi ne na ƙarshen hanya, gidan da faiba ta tsaya mil biyu kafin ta iso shi saboda turaku 30 da ke tsakani ana gardamar wanda zai canza su, yaransa suna zuwa bakin laburaren gari da daddare suna zama cikin mota dan su samu intanet su tura aikin makaranta.